Turbar Inna a taswira

Shekarar da na dawo Gaya daga karatu, babu aiki, sai na shiga sahun masu gyara taswirar salula, wadda ke yi wa direbobi magana suna binta. Aikin ba wuya. Ka ja layi a kan hoton da aka ɗauko daga sama, sannan ka zaɓi irinsa: kwalta, ko jar ƙasa, ko hanyar amalanke, ko turbar ƙafa wadda mota ba ta bi. Ni kuwa ina ji da kaina kamar ni na gina gadar da ake hayewa Benin.

Bayan gidanmu akwai wata ƴar turba mai gangarawa fadama, inda Inna, mahaifiyata, ke rainon irin shinkafarta kafin dashe. Faɗinta bai wuce mutum ɗaya da ƙwarya a ka ba. Da na zo kanta sai hannuna ya tsaya. Turbar ƙafa? A bayan gidan mai diplom? Unguwannin mutane duk layuka masu kauri, tamu ɗigo-ɗigo kamar kashin akuya? Na danna hanyar mota. Cikin minti ɗaya na kawo wa unguwarmu ci gaban da ta daɗe tana jira.

Ci gaban bai yi jinkiri ba. Ranar kasuwa wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ɗauke da albasa ya tarar da cunkoso, salula ta ce ya karya dama, ya karya. Idonsa na ganin ciyawa da laka, amma ina ido zai yi musu da salula? Bai tsaya ba sai tsakiyar irin Inna, tayoyi sun nutse. Mazan unguwa suka yini suna turi, abin da taya ta bari ƙafafunsu suka ƙarasa.

Inna ta iso tana haki, ta dubi direban.

"Bawan Allah, wa ya ce maka nan hanya ce?"

"Wallahi, Baba, salula ce ta faɗa."

"To wane marar hankali ne ya gaya wa salular?"

Ina tsaye a bayanta, ina taya ta mamaki.

A ranar na mayar da layin turbar ƙafa. Motoci suka daina, sai masu moto, wato babur, suka gano ta, su da ba a taɓa yin turbar da ta yi musu kaɗan ba. Ƙarshe na goge layin gaba ɗaya. Inna ta bi maƙwabta tana roƙon ragowar iri, da ƙyar ta dasa rabin gonar. Sauran rabin ciyawa ta noma a damanar nan. Kullum sai in yi niyyar faɗa mata, kunya ta danne ni.

Da aka yi girbi, ta dafa shinkafar farko ta ajiye a gabana.

"Ci, ɗana. Kai da ka yi karatun abin nan, da kai suka ba aikin, da ba a yi mini haka ba."

Na ci. Har yau ban gaya mata ba.