Akori-kurar Marigayi Milimo

Shekara goma sha tara Miyanda Siachoono ta yi tana zama a gefen mijinta Milimo cikin tsohuwar akori-kurarsu, suna lodin busassun ƙananan kifi a bakin tafki a garin Sinazongwe, su hau tudu su kai kasuwar Choma. Milimo direba ne mai ɗan taɓa kanikanci. In ya ɗaga bonet, ita ke miƙa masa sifana, har ta kai tana gane ciwon mota da kunne kawai.

Kwana uku da binne Milimo, wansa Mweemba ya shigo ɗaki ya zare makullin motar daga jikin ƙusa.

"Maman Chipego, mota ta dangi ce," ya ce wa Miyanda. "Mace da sitiyari? A daina wasa mana."

Dattawan dangi da ke zaman makoki duk suka sunkuyar da kai. Miyanda ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar ta koma dakon buhun kifi a ka zuwa bakin titi, tana roƙon gurbi a motocin mutane.

Amma akwai abin da ta riƙe a cikinta. Ta san wani siririn tiyon roba a bayan kafireto ya fara tsagewa, wanda aikinsa ya ɗaga wa injin murya duk sa'ad da aka kunna esi, wato na'urar sanyaya mota. Milimo ya sayo sabo, ciwo ya kwantar da shi bai sa ba.

Zafin Oktoba na sauka a kwarin tafkin, Mweemba ya ɗage gilashi, ya kunna esi yana hura hanci. Da ya rage gudu, sai motar ta yi makyarkyata ta mutu. Ta mutu a mararrabar Batoka. Ta mutu a ƙofar coci, shi da matarsa suka fito turi cikin kayan Lahadi. Wani bakanike ya canza filogi, wani ya canza famfon mai, na uku ya ɗura wa esin iska ya rantse an gama. Duk da safe suke gwadawa, gilashi a sauke, mota na tashi lafiya lau.

Sai magana ta fara yawo a kasuwa cewa marigayi ne ke riƙe ta. Da mata suka tambayi Miyanda, ta ce, "Ni dai na san Milimo bai taɓa son a taɓa masa kaya ba." Kafin yamma zancen ya kai kunnen Mweemba. Ranar da motar ta mutu daidai hanyar makabarta, ya fita da gudu ya bar ƙofa a buɗe.

Washegari shanu biyu suka jawo ta har tsakar gidan Miyanda, dattawan nan na biye.

"Ga kayanki," in ji Mweemba, yana share gumi. "Ki roƙe shi ya bar ni haka."

"A'a Yaya, zauna. Ku ma Baba, ku zauna. Ai a gabanku aka ɗauka."

Ta tayar da injin, ta kunna esi, ya mutu. Ta sake tayarwa, ta kara kunne, ta ce, "Kuna jin wannan tsakin? Iska yake zuƙa." Ta kashe injin, ta fizge tsohon tiyon, ta ɗaura sabo. Ta juya kwamfaresar esin da hannu, ta ji ba ta cije ba, ta ɗan ƙara wa bel ɗin tauri. Da ta sake kunnawa, injin ya ɗaga murya ya zauna daram.

Ta jefa wa Mweemba ruɓaɓɓen tiyon a cinya. "Ga fatalwar da ta kore ka, Yaya. Tafi da ita, ita ce rabonka na gado."

Wani dattijo ya tuntsire da dariya, ta harare shi har ya haɗiye ta.

Miyanda ta ƙara shekara takwas tana tuƙa motar a wannan hanya, Chipego 'yarta na gefe. Kowa ta gani da kaya takan rage masa hanya, har da matar Mweemba. Shi kam in ta hango shi yana tafe a rana, sai ta tsaya daf da shi, ta bar injin na aiki, ta ɗauki lemo ta ɓare a nitse ta shanye, sannan ta sa giya ta wuce.