Furar da Ta Hana Ni Hawa Jirgi

Ranar wata Asabar ce cikin damina, shekarar da na shiga aji biyu na sakandare. An yi ruwa da asuba, kwatocin Fagge sun cika sun tumbatsa, na naɗe ƙafar wando na tsallaka zuwa Sabon Gari da cikina a ɗaure kamar an matse tsumma. Kwana uku ke nan rabona da tuwo. Ranar ce za a auna mu, a zaɓi yaro ɗaya tak daga ajin marasa nauyi da za a tafi da shi horon ɗaga ƙarfe na matasa, kuma duk wanda ya wuce nauyin ajinsa, ko da na ƙwayar gyaɗa ne, ya fita. Mu biyu muke neman gurbin: ni da Nura, ɗan ƙanwar kocinmu, Koci Ɗanlami.

Gidan ƙarfen namu wani kango ne a bayan kasuwa, rabinsa rufin kwano, rabinsa sararin Allah. Kayan ɗagawar kuwa siminti ne da aka zuba a gwangwanayen fenti aka soka musu rodi, sai tsofaffin giyoyin mota da 'yan gwangwan suka ba mu. Ni ɗan tsurut ne a lokacin, Tsinke ma ake kirana, amma ɗiban ruwa daga Rijiyar Lemo da dakon atamfofin Baba daga Bata zuwa kanti sun gina mini kafaɗa ban sani ba. Idan an tashi makaranta yara suna langa da ƙwallo, ni ina kangon ina shafa toka a hannu don kada ƙarfe ya zame mini. Da yamma mukan je wurin Mama Nkechi mai shinkafa mu hau sikelinta ɗaya bayan ɗaya, tana dariya tana cewa buhunta ma ya fi ni nauyi. Kowa a kangon nan ya san na fi Nura. Nura ma ya sani.

Ina isa, Koci ya yafito ni ɗakinsa. Ga ƙwarya cike da fura da nono, har da ƙanƙara, ga waina tana tururi. "Zauna ka ci, Habu, an ɗage awon sai bayan la'asar. Ba a ɗaga ƙarfe da yunwa," in ji shi. Zuciyata ta ɗan yi ɗar, amma Inna ta raine mu a kan magana guda: "Babba ba ya miƙo maka abu ka ce a'a." Balle wannan babban, da nake durƙusa masa fiye da yadda nake yi wa kawuna. Na sha, ya ƙara mini, na sake sha. Ko wanke hannu ban gama ba na ji ana kwaɗa kiran sunana a waje. Ashe masu awon sun daɗe da zuwa.

Na hau sikeli, allurar ta gota da abin da bai kai rabin kilo ba. Na tuɓe riga, na tofar da yawu, na roƙi a ba ni rabin awa, mai awon ya girgiza kai ya rubuta sunan Nura. Na juya na dubi Koci, wallahi ko ƙifta ido bai yi ba, sai ma ya ce wa baƙin, "Yaran nan ba sa jin magana, kwaɗayi ya yi musu yawa." Ni ne ma mai kwaɗayin! Na taho gida ina kuka a titi kamar wanda aka yi wa mutuwa, Inna ta ce in bar wa Allah. Ban bar masa ba, gaskiya, riƙe abina na yi.

Daga nan Nura ya yi gaba. Legas, sai Masar, sai Indiya, sai ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ni kuwa na gaji kantin Baba. Duk ranar da za a nuno gasarsa sai na rufe kanti na tafi gidan kallo a Sabon Gari, jama'a na yi masa addu'a, ni ina daga baya ina cewa a raina, saki, saki, ɗan banza. Ranar da hannunsa ya goce ƙarfen ya kuɓuce ta bayansa, kowa ya yi salati, ni kuwa wani sanyi na ji har tafin ƙafata. Ranar da ya ciyo lambar tagulla aka rataya masa, ban iya cin abincin dare ba. Tawa ce, a wuyan wani.

Bara Nura ya zo kantina da kansa, ya yi ƙiba, yana ɗingishi. Ya ce kawunsa na kwance, jiki ya yi tsanani, kuma sunana yake ta kira. Na je. Tsohon ya rame ya koma ƙashi da fata, ya kamo hannuna ya ce, "Habu, ka yafe mini." 'Ya'yansa da maƙwabta cike da ɗakin, kowa ya zuba mini ido yana jiran kalma ɗaya. Shekara ashirin da wani abu ina jiran wannan rana. Na zare hannuna a hankali, na ce, "Allah ya ba da lafiya, Koci," na sa takalmina na fito. Bayan kwana biyu ya rasu.

Yanzu kangon nan an rushe shi an yi shagunan waya, yaran unguwa kuma wuraren motsa jiki masu madubi da fanka suke zuwa. Wani lokaci in na bi ta wajen nakan tsaya, in tuna yadda yake gyara mini tsayuwar ƙafa da bakin takalminsa, yana cewa in ɗaga kai in kalli gaba. Babu wanda ya taɓa koya mini abu da kyau kamar mutumin nan. Na rama, amma yanzu ba ni da wanda zan koma in ce wa na yafe.