Na Shafe Muryar Mahaifiyarmu Saboda Fim

Lokacin da abin ya faru ina saurayi, ina aiki a shagon wani mai ɗaukar bidiyon biki a Mubi, zamanin muna jihar Gongola. Kyamara ɗaya ce tal a shagon, kuma duk ranar da na saɓa ta a kafaɗa sai in ji babu kamata a garin. Ina da rawar kai, ba zan ɓoye ba.

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta ce mu yi fim na soyayya da ban dariya, labarin wani tela da ke son malamar makaranta, amma duk zuwansa zance sai ya tafka abin kunya. Telan gaske muka sa, da malama ta gaske, ni kuma mai ɗauka. Ba mu da na'urar gyara, abin da ya shiga kaset shi ne fim. Saura fitowar ƙarshe, inda telan zai faɗa mayo, wato rafi, da kekensa a hanyar Kolere, kaset ya cika. Sabo sai an aika Yola, ga malamar za ta koma aiki garin Uba washegari.

Sai na tuna da kaset ɗin auren yayata. Ni na ɗauke shi da hannuna. A ciki Mama ta zaunar da amarya ta yi mata nasiha, sannan ta ja waƙa da yarenmu a gaban matan zumuntar cocinmu. Ba ta cika shekara ba bayan bikin ta rasu. Na je gidan Yaya, na tarar ta tafi gona a Kwaja, na ciro kaset ɗin daga kabad inda ta naɗe shi da ɗankwali. Na ce wa raina ai maigidana yana da wani a shago. Ban tambaye shi ba, don ina tsoron amsar. Na liƙe ramin kaset ɗin da salatif don ya karɓi sabon ɗauka, muka ɗauki fitowar a kan bikin.

Mun nuna fim ɗin wata Asabar da la'asar a zauren wata makaranta, talabijin a kan tebur, janareta na ƙugi a waje. Mutane sun yi dariya har da riƙe ciki. Yaya tana bencin gaba da 'yarta a cinya, mai sunan Mama, tana ta share hawayen dariya. Telan ya fito daga ruwa, malama ta miƙa masa hularsa, aka tafa. Sai hoton ya yi rawa, ga Mama ta bayyana da zanen zumunta, hannu a sama, tana ƙarasa baitin ƙarshe. Wasu suka ci gaba da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Yaya ta miƙe tsaye, kaset ya ƙare.

Maigidana ya ce bai taɓa ajiye na kowa ba, na asalin yake ba masu biki. Na je na durƙusa gaban Yaya. Da ta zage ni da na ji sauƙi, amma ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi in kawo mata kayanta, da ma jira take yarinyar ta yi wayo ta ji nasihar kakarta. Ta yafe mini, ni ne dai har yau abin ke cina.

Fim ɗin ya zaga gari wata biyu aka manta da shi. Na koyi cewa duk tambayar da mutum ke tsoron yi, ya riga ya san amsarta. Ina roƙon matasa masu zumuɗin aiki, kada ku taɓa ajiyar wani sai kun tambaya, ko da kuwa ta ɗan'uwanku ce. Yarinyar nan yanzu uwa ce, kuma baiti ɗaya ta sani na waƙar kakarta. Idan ta tambaye ni farkonta, ni ma na manta.