Randar Kuturwa

A ƙauyenmu da ke gefen kogi, tsakanin Haɗeja da Auyo, gidanmu kaɗai ne na Kirista. Zamanin Turawa ne. Kakata Iya Asabe ta tafi asibitin mishan da kuturta, ta dawo da lafiya da kuma Yesu, amma yatsunta huɗu sun tafi ke nan. Mutanen gari ba su tsaya bambance mai ciwo da wadda ta warke ba. Kuturwa suke ce mata, in sun so ƙarin gishiri su ce kuturwar mishan.

Duk da haka ta girke randa a ƙofar gida, gindin tsamiya. Da rani, in kogi ya ja baya ruwan fadama ya koma kamar kunu, sai ta ɗebo, ta tace da ƙyalle, ta cika randar, ta wanke moɗa da toka ta kife a kan murfi. Ban taɓa ganin wanda ya sha ba. Mai wucewa sai ya kauce kamar ya ga mushe, wani har da tofar da yawu.

Bayan cin tuwo mukan zauna wajen bandar kifi, don hayaƙinta na korar sauro. Nan take mana tatsuniya. "Ga ta nan, mai kunne ya matso," haka take farawa. Ni kuma takan zungure ni da dungulmin hannunta ta ce, "Maigidan, kai da ba ka kawo cefane ba, kawo kunne."

Akwai wadda na tsana, ita kuwa ta fi son ta. Wai wata shekara tafki ya ƙafe, sai gaiwa ta yi ta haƙa a cikin laka har ruwa ya tsattsafo. Dabbobi suka riƙa zuwa suna sha, suna toshe hanci, suna cewa wannan abu ba kifi ba, ba maciji ba. Belbela kuwa ba ta taɓa sa baki a laka ba, kada farar rigarta ta ɓaci. Amma duk ranar da zaki zai wuce, sai ta yi sammako ta tsaya a bakin ramin da ƙafa ɗaya, tana haki. Zaki ya ce madalla da belbela, ya naɗa ta sarkin ruwa.

"To, sai me ya sami belbela?" mu tambaya.

"Ƙiba ta yi."

"Gaiwa fa?"

"Ta ci gaba da haƙa."

Shi ke nan, sai ta juya kifi. In mun ce ta rufe mana da ƙurunƙus, sai ta ce, "Wannan ba ta da ƙurunƙus. Ku tashi ku kwanta."

Ba sai an gaya mana wace ce belbela ba. Ɗanta ne, Kawu Bulus, malamin da Baturen mishan ya ɗora a kan 'yar majami'armu ta zana. Mutum ne mai farin wando da guga. Ranar da aka ce Bature na tafe a kan kekensa, za ka gan shi yana wanke gyambon yara a bakin hanya, inda mai keke ba zai kasa gani ba. Bature na juya baya, ko gaisuwar mara lafiya ba ya zuwa. Belbela ke nan, ci da motsin wani. Har yau in na tuna yadda yake ɗage wando in zai tsallake kwata, raina ɓaci yake.

Wata rana ya iske mu wajen banda, ya tsaya nesa da hayaƙi.

"Inna, a ɗauke randar nan. Ba mai sha, sai dariya ake mana. Mutunci fa abin nema ne."

Iya ba ta ɗago ba. "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mini. Wanda muke bi, da aka tofa masa yawu, ya daina?"

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

"To ran da ya aiko ya ce in daina, ka zo ka karanta mini."

A raina, a wannan kam na goyi bayan Kawu. Kullum da yamma ruwan ya yi ƙasa, na kuma tabbata yoyo randar take yi. Na gaya wa Iya tana shayar da tsamiya ne kawai. Ta yi dariya ta ce tsamiya ma baƙuwar Allah ce.

Da rani ta rasu. Ko kwana uku ba a yi ba Kawu ya sa aka shigar da randar cikin gida. Washegari da tsakar rana, lokacin da kowa ke ɗaki, na ji sallama. Wani makiyayi ne da sanda a kafaɗa, yana duban gurbin randar. Kafin la'asar ga mai tallan nono, ga masunta biyu, ga ma Malam Ilu maƙwabcinmu, wanda bai taɓa amsa gaisuwar Iya ba, yana kewaya tsamiyar kamar ya yar da allura. Kowa tambaya ɗaya yake yi: "Ina randar kuturwa?"

Na cika randar a tsakar gida, na bar ta ta yini. Ko ɗigo bai ragu ba.

Shekara da shekaru suna sha a ɓoye, kuma ba ɗayansu da ya iya buɗe baki ya ce Asabe. Na raina su a ranar, na raina Kawu, ban kuma ce na gama rainawa ba. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne ita ta sani. Mai wanke moɗa kullum ta san an sha da ita. Ba ta taɓa leƙawa ta kama wani ba, ba ta taɓa goranta wa kowa ba.

Yanzu na girme ta, jikokina kuma sukan matsa mini in rufe musu tatsuniyar gaiwa. Nakan ce su tashi su kwanta. Da safe sai in tura babbansu ya duba ko ruwan randar da na girke a ƙofar gida ya yi ƙasa.