Hanyar Bayan Tafki

Facin keke nake yi a Limanti, a gindin wani dogonyaro. Tun da aka hana babur a garin nan keke ya yi daraja, ni ma na samu abin kai wa baki. Kafin nan manomi ne ni a ƙauyenmu, can kudu, a kan dutse. Da keke na gudo. Abin da na baro ba zan tsaya faɗa ba.

Wata Asabar da hantsi wasu mutum shida suka tsaya a wurina. Kekunansu ba irin namu ba ne. Ba kariyar ɗaukar kaya, ba ƙararrawa, taya duk ƙuraje kamar bayan kada. Kowa da hular kwano, wando ya manne a cinya. Maƙwabcina, wani tsohon Babarbare mai wankin hula, ya ɗago kai daga bahonsa ya ƙare musu kallo.

"Wushe, samari," in ji shi. "Telanku ne ya gudu da sauran yadin?"

Suka yi dariya. Babbansu zai kai shekara arba'in, da furfura kaɗan a gemu, Hausarsa ta Kano amma ya ce a nan aka haife shi. Ƙayar tsidau ce ta huda masa tayar baya. Ina cikin aiki ya ce, "Baba, harshen nan naka na kudu ne." Sai ya faɗi sunan ƙauyenmu.

Ban ɗago ba. Na shafa sholisho, na ɗora facin, na danne da yatsa. Ni ban faɗa masa sunan ba. Mai wankin hula ma bai taɓa jin sa a bakina ba.

Asabar ta gaba ya dawo shi kaɗai. Na matsa tayoyin, na ja birki, na juya feda. Keken lafiyarsa ƙalau.

"Me zan gyara, Alhaji?"

"Ba gyara ba ne, Baba. Magana ce."

Ya zauna a kan bencina ba tare da na ce ya zauna ba. Ya ce shi da abokansa yawon keke suke yi don lafiyar jiki. Sun gaji da kwalta, kullum su nufi wajen Zabarmari su juyo. An ce masa akwai wata hanya a ƙasarmu da take barin babban titi ta shiga kurmi, ta zagaya bayan tafki, ta hau dutse har cikin ƙauye. Yana so su ɗora kekuna a mota su je su bi ta. In ta yi kyau, baƙi za su riƙa zuwa, mutanenmu su sayar musu da zuma da ƙwai.

Hanyar tana nan. Tsohuwar hanyar maharba ce, faɗinta bai wuce tafiyar mutum ɗaya ba. Ita na bi ranar da na gudo. Hanyar mota da take hawa ƙauyen, mutanen daji masu bindiga sun sa mata ido, wanda ya bi ta da kaya ya san abin da zai tarar. Waɗanda suka ƙi gudu, ƙanwata da mijinta a cikinsu, ta bayan tafkin suke saukowa da gyaɗa da zuma, su koma da gishiri da magani. Reshe suke ɗaurawa a kariyar keken ƙarshe ya share sawu. Ba a kunna rediyo, ba a tari da ƙarfi. Ranar da hanyar nan ta fita bakin duniya, ranar ƙauyen zai mutu.

Na ce, "Ban san ta ba."

Ya yi murmushi ya ciro waya. "Rabinta ma ina da shi. Duba nan."

Ba na karatun boko, amma na san ƙasarmu ko da daga sama aka nuna mini ita. Ga kurmin, ga tafkin kamar ƙoƙon da aka ajiye. Ga wani jan zare ya bar titi daidai wurin tsamiyar da tsawa ta tsaga, ya bi ƙoramar yashi, ya zo bakin ruwa ya tsaya. Ko taku ɗaya bai kuskure ba.

"Wa yake ganin wannan?"

"Yanzu ni kaɗai. In mun bi ta muka gama, sai in ɗora. Duk mai yawon keke a duniya ya gani."

"Duk mai waya dai."

"To, kusan haka."

"Su ma can cikin daji suna da waya."

Ya kalle ni. Ban san ko kallon wanda bai yi tunanin abin ba ne, ko na wanda aka gano. Na ga iri biyun a rayuwata, fuskarsu ɗaya ce.

Mai wankin hula ya ce, "Alhaji, rabu da shi. Shekara nawa muna nan, ko hanyar bayan gida ka tambaye shi sai ya ce wa ya aiko ka."

Na yi tunanin in ba shi hanyar ƙarya. Daga bakin tafkin akwai wata da take yin hagu. Amma na san inda ta ƙare, kuma in mutumin kirki ne, jinin mutum shida zai hau kaina. Sai na tambaye shi wa ya ba shi rabin. Ya ce maigadin wurin aikinsu ne, ɗan ƙauyenmu, yana zaune a Dusuman. Maigadin ya kwatanta, shi kuma ya zana. Daga tafki maigadin ya rikice, ya ce a nemi mai facin Limanti.

Na rufe akwatin kayan aiki tun kafin azahar, na hau kekena zuwa Dusuman. Maigadin ɗan ƙanen babana ne. Na same shi yana gyara danga.

"Yaya, lafiya da ranar nan?"

"Kai ka sayar da hanya?"

"Ban sayar ba. Ko ruwa bai ba ni ba. Mutumin kirki ne, shi ya kai matata asibiti."

"Wanda ya nuna wa mutanen daji gidan babanka ma mutumin kirki ne. Tare muke cin tuwo da shi."

Ya jefar da igiyar hannunsa. "To har yaushe, Yaya? Mu tsufa a gidan aro, su kuma can suna tafiya kamar ɓeraye? In manyan mutane suka fara zuwa, za a tuna da mu. Za a kai sojoji, a gyara titi."

"Wa zai riga isa, su ko masu kallon waya?"

Na ce in ya ƙara buɗe baki a kan hanyar nan, kada ya zo jana'izata. Matarsa ta kawo ruwa, ban sha ba.

Da mutumin ya dawo Asabar ta uku, ban yi masa kwana-kwana ba. Ban faɗa masa su wa suke bin hanyar ba, ko yaushe. Na dai ce akwai rayuka a kanta, ya goge zaren.

Ya ce, "Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe ni."

"Goge."

Ya matso da wayar gabana, ya danna nan, ya danna can, jan zaren ya ɓace. Ya ce, "Ka gani? Shi ke nan."

Na gani. Amma akwai rubutu da ya fito kafin ya danna, ban san me ya ce ba. Ban san ko zaren ya mutu ba ne, ko ɗaki kawai ya sake.

Ranar kasuwa ƙanwata takan hau wani tudu inda waya take kamawa. Na kira ta, na ce su bar hanyar tsamiya daga yau. Su sare ƙaya su toshe bakinta, su koma ta kan duwatsu.

Ta ce, "Yaya, ta kan duwatsu sai an ɗauki keke a kafaɗa. Ka san bayan maigidana."

"Na sani."

"An ga wani abu ne?"

"Ba a gani ba."

"To don me?"

Na ce ta yi abin da na ce. Ta yi. Mijinta bai ƙara saukowa kasuwa ba, ita take saɓa buhu ta bi duwatsun, tafiyar wuni guda ta koma ta kwana biyu. Damina biyu ke nan ba a taɓa kowa ba a ƙauyen, ba a kuma ga baƙon sawu a bakin tsohuwar hanyar ba. Ta ce mini wannan ya nuna wahalar banza na sa su. Ta roƙe ni sau uku in bari su janye ƙayar. Na ce a'a.