Lilon Bakin Hanya

A gidan kakata Ige, cikin tsohon garin Gummi, tabarmar tatsuniya wuri ɗaya ake shimfiɗa ta: gindin kurna, daura da ƙofar madafa. Da an sallame magariba sai ta tura kara cikin wuta, mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye ta. Hayaƙin tuwo yana shigar mana ido. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya riƙe magana.

"Kaka, mu koma zaure mana, can ya fi faɗi."

"Zaure? Uwakki na hangen ki daga can? Zamna, sarkin tsari."

Tatsuniyar da ta fi yawan ba mu ita ce ta Jimina da Bushiya. Wai kowaccensu ta buɗe dandalin wasa don 'ya'yan dabbobi. Jimina ta kafa nata a kan tudu, don a gan shi daga nesa, ta ɗaura lilo, ta ɗauko makaɗa. Bushiya ba ta da komai sai yashi da inuwar kanya a bakin rijiya. Kaza ta hau tudu da 'yan tsakinta, ta dubi sama ta ga shaho, ta dubi ƙasa ta ga nisan rijiya, ta ce, "In ina ɗibar ruwa ɗana ya yi kuka, ina ji?" Ta juya. Duk uwaye suka bi ta wurin Bushiya. Jimina ta tsaya tana miƙa wuya ko wani zai taho, yau miƙa, gobe miƙa.

"Shi as sa wuyanta yay yi tsawo," in ji Kaka. "Ƙurunƙus, kowa shi nemi uwatai."

Mu wuyan kawai muke wa dariya.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ranar da na iya jan layi da rula na rubuta suna a ƙasa, na ji ba mai sauran gaya mini komai. Na ƙudura zan buɗe wurin wasan yara irin wanda na gani a Gusau. Gidan Kaka ya faɗo a rabona. Na sayar da shi, na sayi fili a bakin hanyar Anka, inda duk mai wucewa zai gani.

Na zana komai a takarda: lilo huɗu, abin zamiya, doki mai juyawa, ɗakin janareto, shagon alawa. Na kai wa yayata Rabi tana tankaɗe. Ta saurara har na gama.

"Asabe, to mata ina za su zamna?"

"Wurin yara nika yi, Yaya, ba gidan biki ba."

"Yaran su ka kawo kansu? Ba katanga, ba makewayi, ga 'yan kabu-kabu sun yi tasha tsallake. Wace macce za ta tsaya nan?"

Na ce mata, "Kin iya karanta takardag ga?" Ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan maganar har yau tana ci na fiye da filin.

Na buɗe wurin yadda na zana. Da sallah an cika, don iyaye maza sun kawo yara. Bayan sallah shiru. Uwa ba ta sakin ɗanta ya tsallaka kwalta, ita kuma ba ta zuwa ta tsaya a rana gaban maza. Ƙarfen zamiya kan yi zafin da ba ya taɓuwa kafin azahar.

Sai a lokacin na gane tabarmar Kaka. Hayaƙin nan da nake ƙorafi a kai, shi ne dalilin taruwarmu: uwayenmu na tuƙa tuwo, idonsu na kanmu.

Makon jiya na bi ta tsohon gidan. Wanda ya saya bai sare kurnar ba. An rataya mata tsohuwar taya da igiya, yara sun yi layi, mata na sussuka a gefe. Na koma wurina, na zauna bakin ƙofa. Babur ya rage gudu, na tsinci kaina na miƙa wuya. Ya wuce.