Murjanin Yaya

Shekarar da aka yanke Kabi daga Sakkwato yayana ya dawo Jega daga Jidda. Ya daɗe a can yana aikin wanke gidajen kifi na gilashi a gidan wani attajiri, kuma a can matarsa ta rasu ba su haihu ba. Mutane suka cika gida suna jiran tsaraba, sai ga shi da akwatin gilashi, da buhun gishirin teku, da wani ɗan dutse cikin jarka da ya rungumo kamar jinjiri.

Ya ce murjani ne mai rai. Mu murjanin da muka sani na wuya ne, shi ya sa na yi dariya. Dutse ne bai fi dunƙulen hannu ba, duk jikinsa ƙananan bakuna ruwan lemo. Da rana a tsuke suke. Sai la'asar sakaliya, in ya ji ƙanshin abinci a ruwa, kowane baki ya buɗe ya fito da 'yan yatsu masu laushi.

Yaya ya ce akwai murjanin da haske ke ciyarwa, amma wannan a kogon dutse yake zama ƙarƙashin teku, ba ruwansa da rana. Sai an ba shi a baki, kuma kowane baki da nasa, don wanda aka tsallake ramewa yake yi. Ya ajiye shi a ɗakin ƙasa mai duhu kusa da randa, ya lulluɓe gefen gilashin da jiƙaƙƙen buhu, ya jona ɗan injin iska da batirin mota saboda wuta ba ta da alƙawari. Daga baya na ji cewa marigayiyar ce ke ciyar da shi a can. Tun ranar ban ƙara dariya ba.

Da bazara ciwon ciki ya kayar da Yaya, aka ce sai asibiti a Sakkwato. Ana sa shi a mota bai yi zancen komai ba sai wannan.

"Baki-baki za ki ba shi. Kada ki gaji."

To, na gaji, wallahi, amma na yi. In sayo ɗanyen kifi wurin masunta, in daddatsa shi ya yi laushi, in zuƙa a sirinji marar allura, in tsuguna ina bin bakunan nan ɗaya bayan ɗaya. Wani ya karɓa nan take, wani sai ya yi yanga kamar baƙon da ya ƙoshi a hanya. Abin da ya zube sai na tsame, in ba haka ba ruwan ya yi wari. In ruwa ya ragu saboda zafi, tafasasshe ake ƙarawa bayan ya huce, ba a ƙara gishiri. Ga 'ya'yana, ga tuwo, ga dutse mai cin kifi. Ina yi ina mita, amma masu dawowa daga dubiya suna cewa Yaya ya daina cin abinci, kuma duk wanda ya shiga wurinsa, tambayarsa ɗaya ce: murjanin yana buɗewa?

Wata rana na tafi suna Maiyama. Kawunmu na Aliero, manomin albasa tun yana saurayi, ya biyo da mota bayan ya sauke kaya a kasuwa. Ya leƙa ɗaki ya ga abu a duhu ya tsuke. Shi a saninsa duk abin da ya tsiro ya yi yaushi, inuwa ce ta cuce shi. Ya sa direbansa suka cire wayoyi, suka ciccibo akwatin suka girke shi tsakar gida, ya zauna yana gadinsa kada awaki su taɓa.

Na dawo na sa yatsa a ruwan, ɗumi kamar na wankan jariri. Raina ya ɓaci har ban gaishe shi ba.

"Ɗiyata, wanga abu rana shika so," in ji shi, yana murmushi abinsa.

Na ce masa garin neman gira ya raba mu da ido. Ya kama ɗaya gefen muka mayar. Na canza rabin ruwan, na jiƙa buhu. Kawu ya kwana biyu a gidan yana yi wa gilashi fifita da faifai, dattijo da furfurarsa. Duk da haka naman ya dinga saɓulewa yana barin farin dutse. Baki biyu kacal suka rage a can ƙasa.

Aka sallamo Yaya ya zama ƙashi da rai, ko kunu ba ya karɓa. Na so in yi masa ƙarya, babu ta inda za a yi. Ya ce a kai shi ɗakin. Ya daɗe yana kallo, Kawu na tsaye bakin ƙofa ya cire hula. Yaya bai tambayi wanda ya yi ba. Ya ce in ba shi sirinji. Na riƙe masa gwiwar hannu. Ya ɗiga kaɗan muka jira. Can sai ɗaya bakin ya motsa, ya fito da yatsunsa ya karɓa, na biyun ya bi.

Yaya ya jingina da bango ya share ido da habar riga.

"Akwai sauran kunun nan?"

Na fita da gudu, har na yi tuntuɓe da Kawu. Yaya ya shanye kofi guda, ya miƙo mini in ƙara.